Wankin Hotunan Hajiya Jummai

Shagon Nata'ala yana bakin titin da ya fito daga Ƙofar Na'isa, tsakanin mai facin taya da wani mai sayar da kayan miya. Tun zamanin rediyo mai manyan batura yake gyara a wurin. Ya gyara rikoda mai kaset, ya gyara bidiyo, da sojoji suka koma bariki wayar salula ta cika gari kuwa, bai zauna yana ƙorafi kamar sauran tsofaffin masu gyara ba, sai ya sayi gilashi mai ƙara girman abu ya shiga buɗe wayoyi. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, kuma babu abin da ke faranta masa rai irin a ce masa abu ya gagari kowa kafin a kawo gabansa.

A shekarar da wannan abu ya faru ana ta haramar zaɓe, bangon unguwa duk ya rufe da fastocin 'yan takara. Har ƙyauren shagon Nata'ala an liƙa wa fuskokin mutanen da ba sa gaisawa da juna. A shekarar ne kuma yayarsa, Hajiya Jummai ta unguwar Zaitawa, ta sauke farali.

Ita ta goye shi yana jariri, don haka har yau da ya ajiye jikoki ba ta kiransa da komai sai Auta. Ta dawo da dabino da zamzam da carbi da dardumar salla, kowa ya samu rabonsa. Amma abin da ta fi ji da shi wani ɗan shuɗin abu ne da bai kai ɗan yatsa ba, ta ɗaure shi da zare ta rataya a wuya. Duk matar da ta shigo barka da sauka sai an ciro an nuna mata.

"Filash sunansa. Duk tafiyar tana cikin nan. Ku dai bari a fito da hotunan ku sha kallo."

Wata safiya Nata'ala yana cikin narka dalma sai ga adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar shagon. Hajiya Jummai ta sauko da ƙyar tana dafa gwiwa, ta shigo ta zauna a bencin masu jira ba tare da an yi mata tayi ba.

"Auta, ajiye wannan rediyon, ga aiki na kawo maka."

Bayan sun gaisa ta kwance zaren ta miƙa masa, ta kwashe labari ta faɗa. A Mina ta haɗu da wata Hajiya Husaina 'yar Gwammaja, tantinsu ɗaya, shimfiɗarsu kusa da juna. Ɗan matar ya saya mata kamara irin wadda ba a sa mata fim, ita kuwa duk inda suka sa ƙafa sai ta ɗauka. A Jidda, suna jiran jirgin dawowa, wata ma'aikaciyar jinya mai laftof ta ce duk mai filash ya kawo ta zuba masa hotunan. Hajiya Jummai ta fita ta sayo a wurin wani mai baza kaya a ƙasa, wanda ya rantse mata cewa hotunan alhazan duniya gaba ɗaya za su shige ciki.

"To yanzu na kai gidan hoto biyu. Na farko ya ce kwamfutarsa ba ta ganinsa. Na biyu ya ce ya mutu, wai in jefar. Na ce ina da ƙane."

Nata'ala ya juya abin a tafin hannunsa. Bai taɓa buɗe filash ba a rayuwarsa, bai ma san ta inda ake kama shi ba. Amma wannan magana ta ƙarshe ta shige shi har ƙashi.

"Bar shi a nan, Yaya. Su wa suka ce ya mutu?"

Ba shi da kwamfuta, don haka da ta tafi ya ja ƙyauren shago ya nufi kafen intanet na Bahijja, can gaba kaɗan kusa da gidan mai. Bahijja 'yar amininsa ce Malam Isiyaku tela. Ta karanta kwamfuta, ta yi aure ta haifi 'ya'ya uku, ita da mijinta suka buɗe wurin da tsofaffin kwamfutoci da janareta mai tari. Mijin malamin makaranta ne, saboda haka ita ke riƙe da kafen da rana. Ɗalibai na zuwa duba sakamakon jarrabawa, 'yan siyasa na kawo buga takardun gayyata.

Ta tashi ta ba shi kujerarta. "Baba, yau kai ne a wurinmu? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Mara lafiya na kawo miki."

Ta soka filash ɗin a kwamfutar da ke gabanta. Wata 'yar jar fitila ta kama a gindinsa, kwamfutar ta yi ɗan ƙara alamar ta ji baƙo. Amma da Bahijja ta danna don ta buɗe, sai aka ce mata babu komai a wurin, girmansa ma sifili ne. Ta cire ta gwada a wata, duk ɗaya.

"Bai mutu ba, tunda wuta na shiga," in ji ta. "Ruɗewa ya yi. Za ka iya buɗe mini shi ba tare da ka fasa ba?"

Nata'ala ya dube ta ta saman tabarau, ya zaro reza daga aljihun gaba. Ya bi gefen robar a hankali har ta rabe biyu kamar kwanson gyaɗa. A ciki akwai ɗan koren allo, da baƙaƙen ƙwayoyi biyu a manne, ɗaya babba mai ƙafafu jere kamar na shanshani, ɗaya ƙarama.

Bahijja ta nuna da bakin biro. "Babbar ita ce rumbun, nan ake zuba kaya. Ƙaramar kuma kwantirola, ita ce mai tsaron rumbun, ita ta san inda aka ajiye kowane abu. Akwai wani karatu da masana'anta ke zuba mata tun farko. In karatun nan ya ɓaci, sai ta manta ko ita wace ce, balle ta buɗe wa wani ƙofa."

"To a sake biya mata karatun mana."

"Ana yi. Amma kowace kwantirola da irin manhajarta, sai mun san sunanta tukuna. Ni kuma gaskiya karantawa kawai na yi, ban taɓa gwadawa ba."

"Ni ma haka," in ji Nata'ala, abin da ba kasafai yake faɗa ba. Suka yi dariya.

Ya ɗora gilashinsa a kan ƙaramar ƙwayar, ya riƙa kiran haruffa da lambobin da ke rubuce a bayanta ɗaya bayan ɗaya, tana bugawa. Intanet ɗin wancan lokaci sai mai haƙuri. Shafi ya fara buɗewa daga sama yana saukowa kamar ana sauke labule, kafin ya kai ƙasa mutum ya ci goro ya gama. Wuraren da suka samu bayani duk da baƙin harsuna aka rubuta su, wani rubutun kamar an watsa tsinke, wani kamar an juya boko baya. Bahijja ta riƙa bin lambobi da hotuna, tana barin sauran. Da suka samo manhajar da ta dace suka fara saukewa, ta kusa kammala aka ɗauke wuta. Nata'ala da kansa ya fita ya ja igiyar janareta, ya ɗan taɓa wani abu a kaburetarsa tarin ya ragu, aka sake daga farko.

Sai bayan azahar manhajar ta sauka. Ta buɗe da akwatuna jere, duk fanko, ta ƙi ganin filash ɗin. Suka cire suka mayar, suka canza rami, ko motsi. Bahijja ta koma shafin da ta samo ta, ta yi ta gangarawa har ta iske hoton hannun wani mutum riƙe da allura, ya ɗora bakinta tsakanin ƙafafu biyu na babbar ƙwayar.

"Ina jin cewa yake a haɗa ƙafafun nan biyu lokacin da ake soka shi, sai kwantirolar ta daina sauraron ɓataccen karatun ta tsaya jiran sabo. Amma Baba, in hannu ya goce aka taɓa wata ƙafar, ƙonewa zai yi."

Nata'ala ya matso da fuskarsa jikin allon ya ƙare wa hoton kallo, ya ƙirga ƙafafun da bakin reza. Daga nan ya cire hularsa ya zaro allurar da ke soke a cikinta.

"Ke ki ji da mutanen cikin kwamfuta. Wannan ɓangaren nawa ne."

Ya yi bisimilla ya ɗora allurar, ya riƙe numfashi. Bahijja ta tura filash ɗin cikin rami a hankali, ya ɗan jira, sannan ya ɗaga hannu. Akwati na farko a jerin ya cika da rubutu, ya koma ruwan ɗorawa. Wani ɗalibi da ke kwamfutar gefe, wanda ya bar abin da ya kawo shi yana leƙensu, ya ce, "Ya kama."

Bahijja ta kai hannu kan linzamin kwamfuta, sai ta tsaya.

"Baba, akwai magana kafin in danna. Wannan manhajar ta masana'anta ce, da ita ake shirya sabon filash. In ta zuba wa kwantirola karatu, za ta share rumbun tas. Filash zai tashi, amma abin da ke ciki ya tafi ke nan."

"Babu wata hanya?"

"An ce akwai masu ɓalle rumbun su karanta shi da wata na'ura. Ban san mai ita a garin nan ba, kuma ko an samu ba tabbas. Ni dai ba zan danna ba sai mai abu ta yarda."

Nata'ala ya ga gaskiyarta. Ya fita bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi ya kira yayarsa. Gidan a cike yake da baƙi, yana jiyo hayaniyar mata da kukan jariri, ga kuma motar kamfe tana wucewa ta gabansa da lasifika. Ya toshe kunne ɗaya ya ɗaga murya. Su masu gyaran waya, in za a share duk abin da ke cikin waya, cewa suke a wanke ta, kuma kalmar da ta zo bakinsa ke nan.

"Yaya, an gano ciwon. Amma in za a yi aikin, sai an wanke shi gaba ɗaya, har hotunan."

"Hotunan za a wanke?"

"Su fa."

"Duka?"

"Duka, Yaya. Ko ɗaya ba za a bari ba. Shi ya sa na ce sai na tambaye ki."

"Alhamdu lillahi. To ai abin da nake nema ke nan. A wanke, Auta, a wanke su duka. Allah ya yi maka albarka."

Ya tsaya yana kallon wayar bayan ta kashe. Ya koma ciki yana girgiza kai, ya ce wa Bahijja, "Hajjin Yaya ya karɓu. Matar da in ka fasa mata kofi sai ta shekara tana tuna maka, yau ita ce ke cewa a share hotunan Makka tana hamdala. Duniya ta fita daga ranta."

Bahijja ta dube shi. "Ka tabbata ta gane?"

"Sau biyu na maimaita mata. Danna."

Ta danna. Wani layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, yana tsayawa yana ci gaba, su kuma sun zuba masa ido. Can akwatin ya koma kore. Ta cire filash ɗin ta mayar, nan take kwamfuta ta buɗe shi, fari fes. Ta zuba wata takarda a ciki ta cire ta sake sokawa, takardar na nan.

Sai ta fashe da dariya. "Baba, duba nan. A jikin robar an rubuta giga huɗu. Ainihin rumbun rabin giga ne. Koya wa kwantirolar ƙarya aka yi, take cewa tana da wurin da ba ta da shi. Da aka yi ta loda mata kaya sai ta riƙa zuba sabo a kan tsoho, har ta rikice. Yanzu dai ta koma faɗin gaskiya."

Nata'ala ya mayar da robar ya ɗiga mata gam, ya goge da bakin rigarsa. A ransa yana jin wannan aiki ya fi duk rediyon da ya taɓa tayarwa.

Bayan la'asar ya hau acaɓa zuwa Zaitawa. Tun daga soro ya ga takalma sun yi yawa. Ya yi sallama, aka ce ya shigo, ai duk yayyensa ne da iyayensa. Tsakar gida an baza tabarmi, mata sun zauna sun yi da'ira, an dama kunun aya. A tsakiya ga Hajiya Jummai a kan kujera 'yar tsuguno, da wani sabon albam mai ruwan zinariya a cinyarta, ko ledarsa ba a gama cirewa ba.

Da ya ga albam ɗin nan, sai ya ja ya tsaya a bakin tabarma.

"Ga shi nan, ɗan halak. Na gaya muku ƙanena ba ya faɗuwa. Auta, ina ambulan ɗin?"

"Wane ambulan, Yaya?"

"Na hotuna mana. Ko suna da yawa ne ka bar su a soro?"

Ya durƙusa a gefen tabarma, ya ciro filash ɗin ya ajiye a gabanta. Ya fara bayani daga kwantirola, ya ga ba hanya ba ce, ya dawo ya faɗa mata a fili. Wankin da yake nufi ba irin na gidan hoto ba ne, wanda ake fito da hoto a takarda. Nasu na masu gyara sharewa ne. Filash ya warke sarai, amma babu ko hoto ɗaya a cikinsa.

Wata tsohuwa da ke jingine da randa ce ta fara, ta rufe baki da gefen mayafi kafaɗunta na rawa, daga nan dariya ta bi da'irar kamar an kunna. Hajiya Jummai kaɗai ce ba ta yi ba. Ta shafa bangon albam ɗin, ta tura shi ƙarƙashin kujera.

"Ashe wankin iri biyu ne," in ji ta a hankali. "Ni da na so jikokina su ga inda na taka."

Wannan magana ta fi masa zafi a kan a ce ta yi faɗa. Ya zauna yana murza hularsa. Ya gaya mata cewa abin tun asali jabu ne, mai yiwuwa rabin hotunan ba su ma taɓa zama a ciki ba, amma ya ga hakan bai rage komai ba. Can sai ya ɗaga kai.

"Yaya, ita ma'aikaciyar jinyar, daga ina ta kwaso hotunan?"

"Daga kamarar Hajiya Husaina."

"To ai kwafa ta yi, ba kwashewa ba. Na asalin suna wurin mai kamara. Kina da lambarta?"

Tana da ita, amma da aka kira sai aka ji Larabci. Layin da matar ta yi amfani da shi a can ne, an bar shi a can. Abin da Hajiya Jummai ta sani game da ita kaɗan ne. A Gwammaja take, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma in ta yi magana a tanti ɗaya ana jinta a na uku.

"Ya isa," in ji Nata'ala. "Gobe da safe ki shirya."

Washegari su uku suka shiga adaidaita sahu, domin da Bahijja ta ji yadda aka yi sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce tunda da hannunta aka danna, da ita za a je. Ta bar wa mijinta kafen, ranar ba makaranta, ta ɗauko laftof ɗinsa a jaka. Suka ratsa cikin gari suka ɓulla Gwammaja, Dutsen Dala na leƙo su ta saman gidaje. Nata'ala ya ce kada a ɓata lokaci ana bin gida-gida, a nemi mai injin markaɗe, don duk mai yin man gyaɗa ta wurinsa take bi.

Injin na biyu da suka tsaya, mai shi wani dogo ne da ake kira Ilu, gari ya yi masa fari har gira. Ya kashe injin don ya ji su.

"Hajiya Husaina mai kamara? Ai ko jiya ta ɗauke ni hoto ina markaɗe. Tunda ta dawo babu wanda ya tsira a layin nan, har awaki. Ku bi lungun can, gida mai koren ƙyaure."

Nata'ala da Bahijja suka dubi juna. In tana ta ɗauka haka, ina ta samu wuri? Kada dai ta share na Makka. Duk suka ƙara sauri, har Hajiya Jummai ta ce a tuna da gwiwarta.

Muryar ce ta fara tarbarsu tun kafin su yi sallama, tana yi wa wata faɗan an bar tunkuza a rana. Da ta leƙo ta ga wadda ke tsaye a soro, sai ta saki ludayin da ke hannunta.

"Hajiyata. Ke ce? Wallahi shekaranjiya na yi mafarkinki."

Suka rungume juna suna tambayar gajiyar hanya da ciwon ƙafa da tarin da kowa ya dawo da shi. Aka shimfiɗa darduma a rumfa, aka kawo ruwa da ƙuli-ƙuli mai zafi. Sai da aka gaisa aka sake gaisawa kafin Nata'ala ya samu ya sako maganar kamara.

"Ai kun zo a daidai, Malam. Tun daren jiya take nuna mini wani jan rubutu, ta ƙi ɗauka. Na kira ɗana a Kaduna, ya ce cika ta yi, in danna wani wuri mai hoton kwandon shara. Na ce ni ba na zuba Makka a kwandon shara, ya zo da kansa."

"Allah ya saka miki da alheri da ba ki danna ba, Hajiya," in ji Bahijja, ta karɓi kamarar da hannu biyu.

Ta ciro katin ajiyar hotuna daga cikin kamarar ta sa a laftof, matan gidan suka taru a bayansu. Hoton farko rufin tanti ne. Na biyu ma rufin tanti ne, da babban yatsan Hajiya Husaina a gefe. Aka wuce fiffiken jirgi, da farantin shinkafa, da ƙafafun mutane a kan farar shimfiɗar dutse. Ga raƙumi ya fito cikakke har gashin idonsa, a gefensa kuma hannun wata mata da ba a ga sauran jikinta ba.

"Wannan hannuna ne, ga awarwarona," in ji Hajiya Jummai.

"Raƙumin ne ya motsa," in ji mai kamara.

Aka zo kan wani da Hajiya Jummai ke barci a zaune, ta jingina da jaka, baki a buɗe. Hajiya Husaina ta ce wannan babba za a yi shi a sa a firam. Hajiya Jummai ta ce in aka kuskura, zumunci ya ƙare. Akwai dai masu kyau a tsakani, su biyu a harabar masallacin Madina cikin fararen hijabai, da wani a gindin dutsen Arfa, kai ya ɗan yanke amma ana gane fuska.

Can Bahijja ta danna wani ya fito. Hajiya Jummai ce a tsugune a gefen hanya, ta tallafo kan wata tsohuwa ƙanƙanuwa, farar fata mai ƙananan idanu, tana ba ta ruwa a murfin gora. Su biyun suna dariya, tsohuwar ba haƙori ko ɗaya.

"Yaushe kika ɗauki wannan?" in ji Hajiya Jummai.

"Ina bayanki. Ba ki sani ba."

Hajiya Jummai ta matso da fuskarta. Ta ce a hanyar jifa ne, zafi ya kayar da matar, 'yan ƙasarsu sun yi gaba. Matar ba ta jin Hausa, ita kuma ba ta jin yaren matar, amma sun zauna tare har mutanenta suka dawo nemanta. Da za su rabu matar ta cusa mata wata alewa mai ɗanɗanon citta a hannu.

"Na ma manta da ita, sai yanzu," in ji ta, ta goge ido da bakin mayafi. "Bahijja, wannan shi za a fara sa wa a albam."

Bahijja ta ware na tafiyar daga na awakin Gwammaja, ta zuba su a filash ɗin da aka gyara, suka shige har da sauran wuri. Ta cire ta mayar ta buɗe su ɗaya-ɗaya a gaban kowa don a tabbata. Ta kuma kwafe komai a faifan sidi biyu, kowace Hajiya ɗaya, sannan ta rage wa katin kaya ta mayar da shi.

Da Hajiya Husaina ta ga kamararta ta dawo aiki, ta ce ba mai fita sai an ɗauka. Ta jera su a jikin bango, Nata'ala a tsakiya, ta ɗaga kamarar da hannu ɗaya tana magana. Bahijja ta fita daga layi ta gyara mata riƙo, ta nuna mata yadda za ta manne gwiwar hannu a jiki, ta yi shiru, sannan ta danna. Hoton ya fito a miƙe, kowa da kansa da ƙafafunsa.

Hajiya Husaina ta daɗe tana dubansa. "Ya yi kyau," in ji ta, "amma kamar ba ni na ɗauka ba."

Ba ta bar su sun tafi ba sai da suka ci dambu. A hanyar komawa Hajiya Jummai da Bahijja suna baya suna shawarar gidan hoton da za a kai, Nata'ala kuma yana gaba a gefen direba, rungume da galan ɗin man gyaɗa mai ɗumi da aka ba shi, yana ta faɗa wa direban ya bi ramuka a hankali kada ya zube masa a riga.